Fim ɗin minti uku, ba labari, ba jarumi: me masu tara shi suke gani?

Nura Gangare: Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Kwanakin nan na duƙufa kallon gajerun fina-finan gwaji da aka yi a Turai shekara ɗari da suka wuce, waɗanda ba labari, ba jarumi, ba magana. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Man Ray, mai zane da ɗaukar hoto ɗan Amurka, na 1923, Le Retour à la Raison, wanda tsawonsa kusan minti uku ne. Mutumin nan ɗakin duhu ya shiga, ya barbaɗa gishiri da masoro a kan zaren fim, ya watsa allurai da ƙananan ƙusoshi, ya kunna fitila na ɗan lokaci, ya wanke. Wani ɓangaren fim ɗin ko kusa da kyamara bai je ba. Idan aka haska sai ka ga ɗige-ɗige suna tafasa, allurai suna tsalle a kan allo. An ce akwai masu neman tsofaffin kwafin irin waɗannan ido rufe, da kuɗinsu. Abin ya kama ni amma na kasa faɗin dalili. Me ake nema a ciki?

Isiyaku Abuja: Wa alaikumus salam. Nura, wuyar samu ake saye. Duk abin da ya yi ƙaranci a duniya sai ka samu mai kuɗin da zai so a ce shi kaɗai gare shi. Fim ɗin da ka ambata yana nan a YouTube kyauta, ni ma yanzu na buɗe na gani. Wanda ya sayi gwangwanin da zaren fim ɗin ke ciki me ya fi ni da shi? Kuma gaskiya ban ga fim ba, gwajin ɗakin wanke hoto na gani. Idan yaro ya kawo wa furodusa wannan a Kano ko a nan Abuja, ko kujera ba za a ba shi ba.

Hajiya Rabi: Isiyaku, ƙanena, ka yi saurin yanke hukunci. Ka duba shekarun tukuna. A ranar 28 ga Disamba 1895 'yan gidan Lumière suka fara haska fim ga masu biyan kuɗi a Faris, kowane fim bai cika minti ɗaya ba. Daga nan zuwa 1923 shekara 28 ne kacal. Wato lokacin da Man Ray ke barbaɗa gishirinsa, fim bai kai shekarun Nura ba, kuma ba a gama yanke shawarar abin da zai zama ba. Kamfanoni sun ja shi zuwa ba da labari saboda nan kuɗi yake. Wasu tsirarun masu zane suka ce a dakata, wannan abu haske ne da motsi da lokaci, me zai hana a sarrafa shi yadda makaɗi ke sarrafa sauti? A Jamus, Walter Ruttmann ya nuna nasa a 1921, launuka ne zalla suna kumbura suna janyewa. Viking Eggeling, ɗan Suwidin, ya yi shekaru yana zana layuka a dogayen takardu kafin ya mayar da su fim. An nuna wa jama'a a Balin a watan Mayu 1925, cikin watan kuma ya rasu. Abin da ya bari ke nan na 'yan mintoci.

Abin da ke jan hankalina shi ne ina ganin hannun mutum ɗaya a ciki, ba ofis ba, ba kwamiti ba. Kuma gwajin bai tafi a banza ba. Len Lye, ɗan Niyuzilan, a 1935 ya shafa fenti kai tsaye a jikin zaren fim, hukumar gidan waya ta Ingila ta ɗauki nauyin aikin ta maƙala masa tallar farashin aika kaya. Yau duk wani rubutu mai rawa da kake gani a farkon labaran talabijin, ko yankan hoto da ke bin bugun kiɗa a bidiyon waƙa, jikokin waɗannan gwaje-gwajen ne.

Isiyaku Abuja: Anti, na yarda suna da tarihi. Amma tarihin ai yana cikin hoton, hoton kuma yana wayata. Tambayata kan gwangwanin ne. Me ya sa sai shi?

Maryam Rikkos: Yaya Isiyaku, bari in sa baki, tunda wannan ne abin da nake karantawa. Abin da ke wayarka daga wani gwangwani aka kwafo shi. Da babu wanda ya riƙe gwangwanin, da babu abin da za a ɗora a intanet.

Kuma ƙarancin nasu ba na ƙirƙira ba ne. Fim ɗin kamfani ana buga kwafi da yawa a raba wa silimu, duk da haka binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na zamanin da babu sauti sun ɓace kwata-kwata. To ina ga fim ɗin da mutum ɗaya ya yi da aljihunsa, ya buga 'yan kwafi, suna yawo daga wannan kulob ɗin masu kallo zuwa wancan? Kowace haskawa tana ƙara masa ƙarzuwa, idan ya tsinke a yanke a liƙa, ya ragu. A Italiya akwai wasu 'yan'uwa biyu, Arnaldo Ginna da Bruno Corra, da suka yi zane da launi a jikin zaren fim tun wajen 1911. Ko ɗaya bai tsira ba, bayanin da suka rubuta kawai ya rage.

Sai matsalar zaren kansa. Har wajen 1951, fim mai faɗin milimita 35 da sinadarin naitiret ake yin sa. Yana kama wuta cikin sauƙi, idan kuma ya kama ruwa ba ya kashe shi, domin da kansa yake samar da iskar da wutar ke ci. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox a Niyu Jasi ta tashi a tsakiyar zafi, akasarin tsofaffin fina-finansu suka ƙone. Wanda bai ƙone ba yana ruɓewa a hankali: ya yi ja, ya yi danƙo, ya yi kumfa, a ƙarshe ya koma garin hoda. Wani kuma mai shi ne ya hallaka shi. Georges Méliès, ɗan Faransa, ya yi fim fiye da 500, a 1923 da talauci da ɓacin rai suka haɗu masa ya cinna wa abin da ke hannunsa wuta. Kusan 200 ne aka tattaro daga baya, daga hannun mutane nan da can.

Baba Ɗanladi: 'Yata Maryam, Allah ya yi miki albarka. Ni ban yi karatun wannan ba, amma na yi shekaru ina haska fim a wani gidan silima a garin nan na Jos, tun ana sa gawayin fitila biyu su haɗu su ba da haske. Isiyaku ɗana, abin da ka gani a waya da abin da ake gani idan haske ya ratsa zaren ya faɗa kan allo ba ɗaya ba ne. Baƙin fim na gaske baƙi ne mai zurfi, farinsa kuma yana ƙyalli, saboda azurfa ce a jikin zaren. Waya tana matse hoton, ɗige-ɗigen nan da Nura ke magana sai su cakuɗe su zama hazo. Sannan akwai gudu. Fina-finan da, da hannu ake juya kyamarar, hoto 16 ko 18 a sakan. Idan ka sa su a gudun fim mai sauti, hoto 24, sai mutane su riƙa sauri kamar ana korarsu, matasa su yi ta dariya suna cewa haka mutanen da suke tafiya.

Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da aka rufe gidan da na yi aiki. Akwai ɗaki cike da gwangwanaye, har da gajerun fina-finan da muke sawa kafin babban fim, na labarai da na zane. Aka kira 'yan gwangwan. Suka zazzage zaren a ƙasa suka auna ƙarfen, yara suka kwashi zaren suna ɗaga shi sama suna leƙen hotunan. Ina tsaye. A lokacin babu wanda ya san akwai inda ake kai irin wannan.

Nura Gangare: Baba, wannan labari ya sosa mini rai. Ke nan a garin nan ma an yi asarar da Maryam ke faɗa, ba sai an je Niyu Jasi ba.

Alhaji Musa Dilimi: Na daɗe ina karantawa, bari in yi magana a matsayin mai tara kaya. Ni tsofaffin rediyo da garmaho da kuɗin da nake tarawa, mutanen zauren nan da yawa sun shigo shagona sun gani. Isiyaku, ka ce son a ce mu kaɗai gare mu ne. Akwai wannan, ba zan musa ba. Amma akwai abin da ya fi shi. Idan ka riƙe abin da hannun mai yin sa ya taɓa, ka ga inda ya yanke ya liƙa, ka ga rubutunsa a jikin gwangwani, ka san ba labari ake ba ka ba. Wannan ba ya shiga waya.

Dalilin da ya sa na yi magana: cikin kayan da na saya wurin 'yan gwangwan a Bukuru akwai gwangwanayen fim guda tara, ƙanana. Sun ce daga wani tsohon gida na zamanin haƙar kuza aka kwaso su. Na ɗaga ɗaya a hasken taga, na ga kamar mutane da kwanuka a ka a bakin rami. Wani kuma ba mutane, inuwa ce kawai da ruwa, kamar mai kyamarar wasa yake da haske. Biyu daga ciki idan na buɗe wani warin tsami ke bugun hanci. Akwai tsohuwar na'urar haskawa a wurina, na yi niyyar a gyara ta ranar Asabar mu gani.

Maryam Rikkos: Alhaji, don girman Allah kada a sa su a na'urar nan. Tsohon zare yana ƙanƙancewa, ramukan gefensa ba sa dacewa da haƙoran na'ura kuma. Haskawa ɗaya tana iya yaga shi daga farko har ƙarshe, kuma watakila duk duniya babu wani kwafin.

Warin tsamin nan irin na binega ne? Idan shi ne, zaren asitet ne, wato irin wanda ba ya saurin kama wuta, ya fara lalacewa. Yana fitar da asid, asid ɗin yana ƙara saurin lalacewar, kuma yana kama na kusa da shi, kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwandon kasuwar Farin Gada. Yau ɗin nan a raba biyun nan da sauran bakwai, ɗaki daban idan da hali. Ba ya warkewa, jinkirta shi kawai ake yi da sanyi da bushewa har a samu a kwafe.

Sai a auna faɗin zaren. Idan milimita 16 ne ko 8, hankali ya ɗan kwanta ta fuskar wuta, domin Kodak ta fito da mai 16 a 1923, mai 8 a 1932, don amfanin gida, kuma ba ta yi su da naitiret ba. Idan 35 ne, a duba gefen zaren, ana buga sunan sinadarin a wurin da ƙananan haruffa. Idan naitiret ne kada ya sake kwana a shagon da ke tsakiyar kasuwa. A gefen nan kuma Kodak tana sa 'yan alamomi, da'ira ko murabba'i ko mai kusurwa uku, da ke nuna shekarar da aka yi zaren, sai dai alamomin suna maimaituwa duk shekara 20, don haka sai an haɗa da abin da ke cikin hoton. Kuma a ina suke ajiye yanzu?

Alhaji Musa Dilimi: Suna saman kanta, kusa da rufi. Na auna, 16 ne duka. Warin kuma na binega ne kamar yadda kika ce. Zan sauko da su. Amma 'yata, na ga inda maganar ta dosa, za a ce in kai wa hukuma. Da kuɗina na saya, da ban saya ba da tuni an zubar da zaren an narkar da gwangwanin. Ba zan miƙa abu ya shiga wani sito, shekara goma ko ni ba zan sake ganinsa ba.

Hajiya Rabi: Alhaji yana da hujja, kada mu yi kamar ba shi da ita. Da yawa daga abin da ya tsira, ɗaiɗaikun mutane ne suka fara tsare shi kafin hukumomi su farka. Henri Langlois da ya kafa ma'ajiyar fina-finai ta Faransa a 1936, da tara gwangwanaye a gida ya fara. A garin Blackburn na Ingila, a 1994, masu gyaran wani tsohon shago suka tarar da gangunan ƙarfe a ɗakin ƙasa, ciki akwai dodon fim, wato zaren asali da ake buga kwafi daga gare shi, kusan 800 na farkon ƙarni na 20, ma'aikatan masaƙu suna fitowa daga aiki, yara suna ɗaga wa kyamara hannu. Wani mai sha'awar tarihin garin ne ya karɓe su ya adana kafin su isa cibiyar fina-finai ta Birtaniya. A Dawson ta arewacin Kanada, a 1978, naɗin fim 533 aka tono daga wani tsohon wurin ninƙaya da aka cike da su, ƙanƙarar ƙasa ta riƙe su kusan shekara hamsin. Kwafin fim ɗin Méliès na tafiya duniyar wata mai launin da aka shafa da hannu, a 1993 ya ɓullo a Basalona cikin kayan da wani ya bayar, ya manne ya zama dunƙule, sai 2011 aka iya nuna shi bayan gyara.

Amma Alhaji, akwai ɗaya gefen. Gajeren fim ɗin Frankenstein da kamfanin Edison ya yi a 1910, kwafi ɗaya tak aka sani a duniya, yana hannun wani mai tara fina-finai a jihar Wisconsin. Ya riƙe shi gam shekaru da yawa, ya ƙi sakin sa ga masu gyara. Sai bayan rasuwarsa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya samu kayansa ya gyara fim ɗin. An yi sa'a zaren ya jira. Can ƙasar sanyi ce. Kai naka yana ƙarƙashin rufin kwano, ga damina mai laima. Sanyin Jos yana taimakawa idan aka kwatanta da Kano ko Legas, amma bai kai sanyin da zare mai ciwo yake buƙata ba.

Isiyaku Abuja: Yanzu maganar ta fara shiga kunnena, tunda ta zo gida. Amma ga abin da ke damuna tun farko. Man Ray, Ruttmann, Eggeling, duk Turawa ne suna gwajinsu a Turai. Abin da ke gwangwanin Alhaji ma, idan hasashensa daidai ne, Bature ne ya ɗauki kakanninmu suna ɗaukar masa ƙasa a ka. Ina namu gwajin? Ko aikinmu shi ne mu zama masu gadin kayan wasu?

Abdu Tawa: Malam Isiyaku, akwai namu, kuma kusa. Mu a Nijar muna da Moustapha Alassane, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. Kafin ya taɓa kyamara yana yanka hotuna yana nuna wa mutane inuwarsu da fitila. Ya yi gajeren fim kan aure a 1962, daga baya ya je Kanada ya haɗu da Norman McLaren, wanda shi ma gwani ne wajen zane a jikin zaren fim. A 1966 ya fitar da fim ɗin zane na 'yan mintoci, ƙasar kwaɗi da shugabansu da ke tafiya ziyarar aiki, yana zolayar sababbin shugabannin Afirka. Daga baya a garinmu Tawa ya zauna yana aiki da 'yan tsana da ya ƙera da hannunsa. Wannan ba gwaji ba ne? Da kayan da ke gabansa ya yi, ba da kuɗin kamfani ba.

Kuma a tuna dalilin da ya sa namu ya makara. A ƙasashen da Faransa ta mallaka akwai dokar Laval ta 1934, ba a ɗaukar fim sai da izinin hukumar mulkin mallaka. Shi ya sa ɗaliban Afirka da suka yi gajeren fim ɗinsu a 1955, su Paulin Vieyra, a Faris suka ɗauke shi. Abin tambaya yanzu, matasa nawa ne a Jos ko a Yamai suka taɓa ganin aikin Alassane a kan allo? Kwafi masu kyau akasari a waje suke.

Hajiya Rabi: Madalla Abdu. Isiyaku, game da hoton da Bature ya ɗauka, ga ra'ayina. A 1926 Geoffrey Barkas ya ɗauki fim ɗin Palaver a kan tsaunukan nan namu, cikin ƙabilun Ngas da Mwaghavul. Labarin cike yake da raini, an tsara shi ne don a nuna Bature shi ne mai kawo hankali. Na nuna wa ɗalibaina shi, ransu ya ɓaci, kuma ya kamata ya ɓaci. Amma da muka sake kallo muka bar labarin muka dubi gefen hoton: yadda aka gina ɗakuna, shirin mahaya, kayan jikin mutane, fuskoki. Wata ɗaliba daga Pankshin ta ce irin ginin da kakarta ke kwatanta mata ke nan. Mai kyamarar da niyyarsa ya zo, amma kyamara ta kwashi abin da ya fi niyyarsa. Waɗanda ke cikin hoton namu ne, kuma jikokinsu suna da haƙƙin ganin su. Idan mata masu kwanon kuza ne a gwangwanin Alhaji, wa ya sani ko kakar wani a zauren nan tana ciki?

Baba Ɗanladi: Haka ne Hajiya. Kuma ku tuna da majigi. Motar gwamnati ta shigo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili ko ƙofar fada, mai bayani yana fassarawa da lasifika. Gajeru ne duka, na tsafta, na noma, na allurar rigakafi, irin su Baban Larai. Mu a nan muka fara ganin Bahaushe yana motsi a kan allo. Waɗannan ma a nemo su, don su ne na farkonmu ko da wani ne ya riƙe kyamarar.

Maryam Rikkos: Baba, wasu suna nan, kuma wannan ne ya sa nake roƙon Alhaji ya saurare ni. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a garin nan take, ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa ma a nan take. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi cikin tarin gwangwanaye na hukumar, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Shi dogo ne, amma hanyar da ya bi ita ce gajerun za su bi. Daga 2019 kuma Jami'ar Jos tare da Jami'ar Goethe ta Farankfot suna koyar da adana fina-finai a matakin digiri na biyu. Yanzu akwai masu hannu a kusa, abin da babu a ranar da Baba ya tsaya yana kallon 'yan gwangwan.

Alhaji, ba sai ka bayar kyauta ba. A duniyar ma'ajiyoyi akwai ajiya ta amana: kaya naka ne a rubuce, a duba, a tsaftace, a kwafe hoto bayan hoto da na'urar da ba ta da haƙora, a ba ka kwafi, zaren ya zauna a wuri mai sanyi. Sharuɗɗan kai da su za ku zauna ku tsara.

Isiyaku Abuja: To Alhaji, a ce an duba an ga abu ne mai daraja, wani daga waje ya zo da dala. Za ka sayar?

Alhaji Musa Dilimi: Ɗan kasuwa ne ni, ba zan ce kuɗi ba sa magana ba. Amma na san yadda ake sa wa tsohon kaya farashi. Ana duba asalinsa, daga hannun wa ya fito, cikakke ne ko guntu, lafiyarsa, sannan akwai irinsa a wani wuri ko babu. Kayan da ba a san wanda ya yi shi ba, ba shekara, ga ciwo, ba ya kai abin da mutane ke zato. Na Man Ray da Nura ya fara da shi sunan mai shi ne ke ɗaga shi. Nawa ba suna.

Maryam Rikkos: Ƙari kan wannan, a fim ana duba kusancin kwafin da dodon asali, domin duk kwafin da aka ɗauko daga wani kwafi yana rasa kaifi. Na Alhaji kuwa, idan irin na masu ɗauka a gida ne, akasari zaren da ya shiga kyamarar shi ne aka wanke ya zama abin haskawa. Wato ba dodo, ba kwafi na biyu, shi kaɗai ne. A kasuwa watakila ba tsada, amma idan ya lalace an gama. Sannan mallakar gwangwani daban, haƙƙin mallakar abin da ke ciki daban, sai a yi hattara kafin a ce za a sayar wa gidan talabijin.

Nura Gangare: Ni wanda Alhaji ya ce inuwa ce da ruwa nake ta tunani. Idan wani ne a Bukuru ya tsaya bakin kududdufin kuza yana gwada abin da haske zai yi, ai ya shiga layin su Ruttmann ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Hajiya Rabi: Yana iya zama haka, yana iya zama kuma kyamara ce ta kuɓuce masa. Kada mu sa masa rawani kafin a gani. A bari masu dubawa su duba.

Isiyaku Abuja: Har yanzu ban ga abin da kuke gani a fim ɗin gishiri da masoro ba, kuma ba zan ce na gani don in faranta muku ba. Amma idan za a kwafe na Alhaji, ina cikin masu ba da gudummawar kuɗin aikin, da sharaɗin a haska shi a Bukuru inda aka ɗauke shi, kyauta, kowa ya shigo. Abdu, ka turo mini inda zan ga na Alassane.

Abdu Tawa: Zan turo maka ta akwatinka bayan sallar isha'i.

Alhaji Musa Dilimi: Na sauko da su, biyun masu wari na kai su ɗakin baya. Na fasa gyaran na'urar. Ga abin da na yarda da shi: a duba su a gabana, a rubuta cewa nawa ne, a ba ni kwafi. Biyun marasa lafiya idan an ce sai sun zauna a sanyi, su zauna. Sauran bakwai sai na ga wurin da idona kafin in yanke shawara. Baba Ɗanladi, ina so ka raka ni, kai ka san zare.

Baba Ɗanladi: In sha Allahu zan zo. Kada ka sake warware ko ɗaya kafin ranar, kuma idan ya zama dole ka taɓa, ka riƙe ta gefe, ban da tsakiyar hoton.

Maryam Rikkos: Zan tambayi malaminmu ranar da za a iya karɓar ku, in sanar a nan. Alhaji, kafin nan ka ɗauki hoton kowane gwangwani da waya, sama da gefe, duk rubutun da ke jiki ko da ya dushe, kuma kada a goge tsatsar don a nan ake samun suna ko shekara. Ka koma wurin 'yan gwangwan ɗin ka tambaye su wane gida ne da kuma ko akwai takardu ko hotuna da suka zo tare. Ranar tafiya a sa masu warin a jaka daban, a ajiye su cikin mota inda ba rana, ban da but.